Haƙƙin Wanda Aka Yi wa Aikin Ƙoƙon Kai a Kan Ƴan Uwansa Musulmi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halicci ɗan Adam a mafi kyawun tsari, ya ba shi ji da gani da hankali, ya kuma sanya ƙwaƙwalwarsa cikin ƙoƙon ƙashi domin kariya. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi na Guci da kewayenta, da na Dungas da Magarya da Waca da Malawa, muna yi wa kanmu da ku wasiyya da tsoron Allah. Abin da za mu tattauna a wannan fitowa shi ne raunin kai. Mutum ne ya faɗo daga babur, ko daga amalanke, ko daga bisa itace, ko doki ya shure shi, ko sanda ta same shi a rigimar gona. Aka kai shi asibiti, likita ya ce sai an buɗe ƙoƙon kansa an cire wani ɓangare na ƙashi. Bayan makonni aka maido mana da shi gida, gefen kansa a loɓe, harshensa da nauyi, halinsa ya sauya. Mene ne haƙƙinsa a kanmu?

Wannan ba baƙon abu ba ne a yankinmu. Babur ya zama jakin zamani: da shi ake zuwa kasuwa, da shi ake kai mai naƙuda asibiti, da shi matasanmu ƴan kabu-kabu suke neman halaliyarsu a kan hanyoyi masu rairayi da ramuka, har zuwa kasuwar Maigatari a tsallaken iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ne ke rasuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace asara. Bayan waɗanda suka rasu akwai waɗanda suka tsira da rauni, kuma su ne suke zaune a gidajenmu.

HADISIN MAI RAUNI A KA

Imamu Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi (R.A.) cewa sun fita wata tafiya, sai dutse ya sami wani mutum daga cikinsu ya fasa masa kai. Daga baya ya yi mafarki, wanka ya wajaba a kansa. Ya tambayi abokan tafiyarsa ko suna ganin yana da sauƙin yin taimama. Suka amsa masa cewa ba su ga wani sauƙi gare shi ba tun da ga ruwa. Ya yi wanka, ya mutu. Da labari ya kai ga Manzon Allah (S.A.W.) sai ya yi magana mai zafi, ya ɗora musu alhakin mutuwarsa, ya yi musu faɗa a kan rashin yin tambaya alhali ba su sani ba, ya kuma bayyana cewa maganin rashin sani shi ne tambaya.

Mu lura da kyau, ya ku ƴan uwa. Waɗannan mutane abokan tafiyarsa ne, masu kishin addini ne, kuma alheri suka nufa da shi. Dutse ne ya ji masa rauni, amma waɗanda suka ba da amsa ba da ilmi ba su Manzon Allah (S.A.W.) ya zarga. A kan wannan muka gina maganarmu: mai rauni a ka yana hannun na kusa da shi ne, kuma abin da ya fi zama haɗari gare shi bayan raunin shi ne rashin sanin masu ƙaunarsa. Wannan rashin sani yana iya cim masa a wuri uku: a bakin hanya ranar da abin ya faru, da a gida bayan an sallame shi, da kuma cikin dogayen watannin da yake ƙoƙarin komawa cikin mutane. Kafin mu bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kamata mu san mene ne aikin da ake yi masa, da abin da shari'a ta ce a kai.

ABIN DA MAGABATA SUKA SANI

Malamanmu ba su jahilci raunin kai ba. Duk ɗalibin da ya sauke Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya bi ta kan babin hukuncin jini da haddi, inda aka rarrabe raunukan kai. Wanda ya tone har ƙashi ya bayyana, sunansa mudiha, diyyarsa raƙumi 5. Wanda ya farfasa ƙashi har gutsattsarinsa suka gusa amma bai kai ga ƙwaƙwalwa ba, sunansa munaƙƙila, diyyarsa raƙumi 15. Wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa kuwa, sunansa ma'muma, diyyarsa sulusin cikakkiyar diyya. In hankali ya gushe ɗungum, to, diyya ce cikakkiya, raƙumi 100, daidai da ta rai. An kuma hukunta cewa ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke, domin ba a sanin ƙarshen rauni a ranar farko.

Haka nan likitan Andalus, Abul Ƙasim Azzahrawi, wanda ya rayu a Ƙurɗuba ya kuma rasu wajen shekarar 1013 Miladiyya, ya yi bayani a littafinsa Attasrif yadda ake cire karyayyen ƙashin kai. Har zanen kayan aiki ya yi, cikinsu da wani abin huji da aka yi wa kafaɗa don kada ya nutse ya taɓa tantanin ƙwaƙwalwa. Ashe buɗe ƙoƙon kai domin ceton rai tsohon ilmi ne wanda Musulmi suke da hannu a cikinsa.

DALILIN CIRE ƘASHI

Ƙoƙon kan baligi akwati ne rufaffe wanda ba ya buɗawa. Hannu ko ƙafa in sun bugu sukan kumbura, fata ta miƙe ta ba su wuri. Ita ma ƙwaƙwalwa takan kumbura in ta bugu, ko jini ya taru a kanta, amma ba ta da inda za ta. Sai matsi ya yi ta ƙaruwa, ya toshe hanyoyin jini, daga ƙarshe ya danne gindin ƙwaƙwalwa, inda Allah ya sanya ragamar numfashi da farkawa. In magani ya kasa sauke wannan matsi, sai likitan ƙwaƙwalwa ya cire wani faifai na ƙashi, mai faɗin tafin hannu ko fiye, ya kwashe jinin da ya taru, ya buɗa tantanin, ya ɗinke fata a sama, domin ƙwaƙwalwa ta sami sarari. Shi kuwa ƙashin akan adana shi cikin sanyi mai tsanani, ko a ajiye shi ƙarƙashin fatar cikin majinyacin. Bayan makonni ko watanni, in kumburi ya saɓe kuma babu ƙwayar cuta, sai a sake aiki a mayar da shi, ko a rufe wurin da farantin ƙarfen titaniyom ko wani siminti na musamman.

Gaskiya ita ce aikin yana ceton rai, amma ba kowa yake mayarwa yadda yake a da ba. A shekarar 2016 aka fitar da sakamakon wani bincike da likitocin jami'ar Kambirij ta Ingila suka jagoranta a ƙasashe 20, a kan majinyata 408 waɗanda kumburin ƙwaƙwalwarsu ya ƙi jin magani. Bayan wata 6, cikin waɗanda aka ware domin aikin, kimanin kashi 27 cikin 100 suka rasu. Cikin waɗanda aka ci gaba da yi musu magani kuwa, kimanin kashi 49 cikin 100. Sai dai a cikin waɗanda aikin ya ceta akwai da dama da suka rayu suna bukatar mai kula da su. Likita yakan riƙi sababi ya tsirar da rai da izinin Allah, sa'an nan ya miƙa mana sauran aikin.

HUKUNCIN AIKIN A SHARI'A

Sau da yawa dangi kan tsaya a ƙofar ɗakin tiyata suna gardama. Wani ya ce a jira babban wa ya iso. Wani ya ce in aka taɓa kai mutum ba ya komawa daidai. Wani ya ce a bar wa Allah. Ana cikin haka lokaci yana wucewa, matsi yana ƙaruwa.

Ku sani, Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci bayin Allah da neman magani, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Usamatu ɗan Sharik (R.A.). Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa neman magani yana zama wajibi in barinsa zai kai ga halakar rai ko gaɓa, kuma a halin gaggawa da rai ke cikin haɗari ba a dakatar da ceto domin jiran izini. Tun a zamanta na 1988 majalisar ta halatta ɗaukar wani sashe na jikin mutum a sanya shi a wani wuri na jikinsa in amfanin ya rinjayi cutar. Sanya ƙarfe a jiki ma yana da asali. Arfajatu ɗan As'ad (R.A.) an yanke masa hanci a wani yaƙi na Jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya umurce shi da ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga maza. Saboda haka wanda ya sa hannu aka yi wa ɗan uwansa aiki bai yi jayayya da ƙaddara ba. In majinyacin ya rasu bayan haka, ajalinsa ne ya zo, kuma babu laifi a kan wanda ya sa hannu.

WURI NA ƊAYA: A BAKIN HANYA

Wanda ya bugu a ka kuma bai san inda yake ba, kada a ɗura masa ruwa ko fura ko rubutu, domin zai iya shaƙewa ya wuce huhunsa. Kada a sungume shi kai yana lilo. A riƙe kai da wuya a miƙe tare da jiki, domin karayar wuya takan zo tare da raunin kai. In yana amai a juya shi gaba ɗaya a kan gefensa. A rufe raunin da ƙyalle mai tsabta, kada a danna inda ƙashi ya loɓa, kada a zuba ƙasa ko baƙin mai ko garin magani.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne wanda ya suma kaɗan ya farfaɗo, ya tashi ya yi magana, har ya ce a kai shi gida. Wani lokaci jini yana taruwa a hankali tsakanin ƙashi da tantanin ƙwaƙwalwa, bayan wasu awoyi sai barci ya ɗauke shi, a zaci hutawa yake, ashe tafiya ce. Don haka a kula da waɗannan alamu: suma ko da na ɗan lokaci ne, amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci da wuyar tashi, ruɗewa, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, jijjiga, mutuwar hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, ko baƙin tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa. Ko ɗaya aka gani, ba a kwana da shi a gida.

Masu ɗori suna da saninsu, amma abin da ke cikin ƙoƙon kai ba a ganinsa sai da na'urar hoto da ake kira sikana, kuma aikin ƙwaƙwalwa sai a manyan asibitoci, irin babban asibitin ƙasa na Damagaram da na Yamai, ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Kano, ko cibiyar aikin ƙwaƙwalwa ta asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Daga Magarya zuwa Damagaram kimanin kilomita 90 ne, daga ƙauyukanmu kuwa sai an ci rairayi kafin a hau kwalta. Nisan nan kaɗai ya isa jinkiri, kada mu ƙara masa namu. A fara da asibiti mafi kusa, a karɓi takardar turawa, a kama hanya.

WARAKA DOGUWAR TAFIYA CE

Domin mu gane tsawon wannan jinya, ga misalin wata yarinya Musulma wadda aka rubuta jinyarta filla-filla, wato Malala Yousafzai ta ƙasar Pakistan. Jinyar ce darasinmu a nan, ban da siyasar da ta kewaye labarin. Ranar 9 ga Oktoba 2012 aka harbe ta a ka a garin Mingora, tana da shekara 15. Ƙwaƙwalwarta ta fara kumbura, sai likitocin asibitin soja na Peshawar suka cire wani ɓangare na ƙoƙon kanta ta gefen hagu, suka ajiye shi ƙarƙashin fatar cikinta. Ranar 15 ga Oktoba aka kai ta wani asibiti a birnin Birmingham na Ingila. Da ta farka, da rubutu ta fara yi wa mutane bayani. A watan Nuwamba aka yi mata aikin gyaran jijiyar fuska. Ranar 2 ga Fabrairu 2013, wato kusan wata 4 bayan aikin farko, aka rufe wurin da farantin titaniyom, aka kuma sa mata na'urar ji a kunnen hagu. A watan Maris ta koma makaranta, a 2020 ta kammala jami'a. Duk da haka, a watan Agusta 2021 ta bayyana cewa an yi mata tiyata ta 6 a Amurka, kusan shekara 9 bayan raunin.

Wannan yarinya ce da ta sami kulawar da kaɗan ne ke samun irinta a duniya, amma sai da ta yi shekaru tana jinya. To, ina ga manomi ko makiyayi da aka sallamo daga Damagaram da ƴar takardar magani? Ta yaya za mu ce masa bayan wata biyu, ai ka warke, tashi ka ɗauki hauya? Likitoci sun lura cewa sauƙi ya fi sauri a watanni 6 na farko, amma yakan ci gaba a hankali har shekara 2 ko fiye. Sannu ba ta hana zuwa.

WURI NA BIYU: A GIDA

Tsakanin cire ƙashi da mayar da shi, fata ce kawai tsakanin ƙwaƙwalwarsa da duniya. Kada ya kwanta a kan gefen da aka yi aikin. Kada a latsa wurin, kada a gasa shi da ruwan zafi, kada wanzami ya yi masa tsaga ko ƙaho a nan. Kada ya hau babur ko amalanke ko itace, kada ya je bakin rijiya shi kaɗai, kada ya ɗauki kaya a ka. A riƙe shi in zai zagaya, a kiyaye shi daga wasan yara da tunkuyin dabbobi, ya sa hular kariya in likita ya ba shi.

A mayar da shi asibiti da gaggawa in zazzaɓi ya kama shi, ko ruwa ko mugunya na fita daga ɗinkin, ko wurin ya kumbura ya yi tauri, ko ya loɓa ƙwarai tare da kasala da ruɗewa. Kada a saɓa ranar da likita ya sa, kuma kada a watsar da aiki na biyu don an ga ya fara tafiya. Wasu ma sai an rufe wurin suke samun ƙarin sauƙi. A lazimci gashi da motsa gaɓoɓi yadda likitan gashi ya nuna. Wanda bai iya tashi ba a riƙa juya shi a kai a kai don kada jikinsa ya yi gyambo, a kuma zaunar da shi kafin a ba shi abinci.

WURI NA UKU: CIKIN MUTANE

Nan ne jarrabawa ta fi tsanani, domin raunin fata ya warke amma na ciki bai warke ba. Allah ya rarraba wa sassan ƙwaƙwalwa ayyuka. A wurin mafi yawan mutane magana tana gefen hagu ne, shi ya sa wanda ya bugu ta nan zai iya sanin abin da yake son faɗa amma kalma ta ƙi zuwa. Sashen goshi shi ke riƙe da kamun kai da tsara al'amura. In ya taɓu sai mai haƙuri ya zama mai saurin fushi, mai kunya ya riƙa sakin baki, mai himma ya zauna shiru kamar rago. Mantuwa da saurin gajiya da ƙin hayaniya da baƙin ciki duk suna cikin ciwon.

A nan ne wasu za su ce ya haukace, wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu ne, har a fara zargin kishiya ko maƙwabci. Ba ma musun samuwar aljanu, domin Alƙur'ani ya tabbatar da su. Amma mutumin da halinsa ya sauya bayan an ga jini a kansa, aka kuma ga hoton raunin, to, sababin ciwonsa a fili yake. A yi masa addu'a da tofi na sunna, wannan alheri ne. Amma dukansa da sunan fitar da iska, ko turara masa hayaƙi har ya shaƙe, ko ɗaure shi a mari, zalunci ne, kuma duka a kan da babu ƙashi yana iya zama kisan kai.

Wasu kuma farfaɗiya kan biyo bayan raunin, ko da bayan watanni ne. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. In ta tashi a kawar da wuta da abin da zai ji masa rauni, a tallafi kansa, a juya shi gefe, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki. Maganinta ba a yanke shi sai da izinin likita. Ku tuna da matar nan baƙar fata mai farfaɗiya wadda Ibnu Abbas (R.A.) ya nuna wa Aɗa'u a matsayin ƴar Aljanna, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Abin da ta roƙa shi ne kada jikinta ya riƙa buɗewa in ciwon ya tashi, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya yi mata addu'a a kan haka. Suturta mai farfaɗiya shi ne aikinmu, ban da taruwa a kansa ana kallo.

IBADARSA DA MU'AMALARSA

Allah (S.W.T.) ya sanar da mu a ƙarshen Suratul Baƙara cewa ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. A mazhabar Imamu Malik, wanda ya suma ba ya rama sallolin da lokacinsu ya fita yana cikin suma; a Muwaɗɗa an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya suma bai rama ba. Azumi kuwa ana rama shi in an sami iko, kuma mai shan maganin farfaɗiya ya tambayi likita kafin ya ɗauki azumi. In ruwa zai cutar da raunin, ya yi shafa a kan bandeji, in ya kasa ya yi taimama. In sujada na kawo masa jiri ko haɗari ga kansa, ya yi nuni, nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasa. Ya yi salla a zaune ko a kishingiɗe, kamar yadda aka umurci Imrana ɗan Husaini (R.A.). Shi kansa Manzon Allah (S.A.W.) ya taɓa faɗowa daga doki ya ƙuje gefensa na dama, ya yi salla a zaune. In ya manta raka'a ko Fatiha ta kakare masa, a zauna kusa da shi a tuna masa da taushi. A yi masa bushara da hadisin Abu Musa (R.A.) da ke cikin Buhari, cewa mara lafiya ana rubuta masa ladan abin da ya saba yi yana lafiya.

An ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Saboda haka in ya furta saki ko ya yi kyauta da gonarsa a cikin ruɗewa, kada a yi gaggawar zartarwa. A Muhtasar na Shaihu Halil an ambaci cewa sakin mai sambatu saboda ciwo ba ya aukuwa. A kai maganar ga malami ko alƙali tare da bayanin likita. Dukiyarsa amana ce a hannun waliyyinsa, a ciyar da shi da iyalinsa daga cikinta, kamar yadda aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta nuna. Wanda ya yi amfani da mantuwarsa ya ci bashinsa ko ya matsa iyakar gonarsa, ya sani Allah ba ya mantuwa.

RIGAKAFI

Ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, Manzon Allah (S.A.W.) ya sa sulke biyu da kwalkwali, kuma kwalkwalin ya farfashe a kansa. Faɗima (R.A.) ta wanke jinin, Aliyu (R.A.) yana zuba ruwa, sa'an nan ta tsayar da shi da abin da ake da shi a zamanin. Ranar buɗe Makka ma da kwalkwali ya shiga. Shugaban masu tawakkali ya kare kansa, to, wane ne zai ce hular kwano tsoro ce ko rashin imani? Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2018 cewa sa ta yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, da na raunin kai da kashi 69. Rawani da hula ba sa tare kwalta. Majalisar Fiƙihu kuma, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne. Ya ku matasa, ku bar gudun ganganci da lodin mutum huɗu a babur guda da shan ƙwaya. Ya ku iyaye, kada ku miƙa wa yaro makullin babur.

KIRA GA MASALLATANMU

Muna kira ga kowane liman da kwamitin masallaci da su tanadi ɗan asusu domin kuɗin mai da hoto da magani, su san masu mota a gari waɗanda za a iya tasa da dare, su kuma ƙarfafa masu lafiya su ba da jini. Iyalin da jinya ta cinye musu rumbu ko ta jefa su cikin bashi suna da rabo a zakka. In damina ta zo a yi masa gayya. A riƙa gaishe shi a taƙaice ba tare da cika masa ɗaki da surutu ba, a yi magana da shi kai tsaye, a ba shi lokaci ya amsa. In ya fara fita a riƙo hannunsa zuwa masallaci, a ba shi wuri a gefen sahu. Kada a manta da matarsa ko mahaifiyarsa da ke jinya dare da rana. Mata su riƙa karɓarta domin ta huta. A hadisin ƙudusi da Muslim ya ruwaito, Allah zai tuhumi bawa ranar ƙiyama a kan mara lafiyar da bai gaishe shi ba, ya sanar da shi cewa da ya je da ya sami Allah a wurinsa.

Abin da ya shafi jiki a tambayi likita, abin da ya shafi hukunci a tambayi malami, wanda bai sani ba kuma ya ce bai sani ba.

Ya Allah ka ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Ka mayar wa waɗanda suka ji rauni a ka da hankalinsu da harshensu da ƙarfinsu, ka sanya ciwonsu ya zama kaffara. Ka ba masu jinya haƙuri da lada, ka yi wa hannun likitocinmu albarka, ka tsare matafiyanmu, ka jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.